Babi Na Tara: Manhajojin Yanar Gizo Masu Mu'amala Da Yadda Ake Gina Su

9.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa buɗe taswira a wayarsa ya riƙa jan ta da yatsa har ya gano unguwarsu, ko ya amsa tambayoyin gwaji a kwamfuta ya ga makinsa nan take, to ya yi amfani da irin manhajojin da wannan babi zai yi magana a kansu. Manhajoji ne da ake shiga ta yanar gizo, waɗanda suke haɗa rubutu da sauti da hoto da bidiyo, kuma suke amsa wa mai amfani da su a daidai lokacin da ya taɓa su. Tarihinsu yana ɗauke da darasin da ya shafi malami kai tsaye, domin a farkon shekarar 2021 kayan koyarwa masu ɗimbin yawa, waɗanda aka ɗauki shekaru ana haɗawa a sassan duniya, sun daina buɗuwa saboda ginshiƙin da aka ɗora su a kai mallakar kamfani ɗaya ne.

A ƙarshen wannan babi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana ma'anar manhajar yanar gizo mai mu'amala;
(b) kawo taƙaitaccen tarihin samuwarta;
(c) fayyace sassan da ake haɗawa a gina ta;
(d) tsara ƙaramar manhaja domin koyar da wani ɓangare na harshen Hausa.

9.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Ɗaliban ilimi sun saba da kalmar manhaja da ma'anar tsarin abubuwan da za a koyar a makaranta. Da zuwan kwamfuta sai ma'anar kalmar ta faɗaɗa, aka riƙa amfani da ita ga jerin umarnin da ake rubuta wa na'ura domin ta gudanar da wani aiki. Da wannan ma'ana ta biyu za a yi amfani da ita a nan.

Haka kuma akwai bambanci tsakanin intanet da yanar gizo, duk da cewa a maganar yau da kullum ana gwama su. Intanet ita ce haɗakar kwamfutocin duniya ta hanyar wayoyi da turakun sadarwa da tauraron ɗan'adam. Ita kuwa yanar gizo, tsarin shafuka ne masu sarƙe da juna da ake kaiwa gare su ta intanet. Manhajar da ake buɗe waɗannan shafuka da ita ana kiran ta burauza, kamar Chrome da Firefox da Safari. Kwamfutar da take ajiye shafukan tana aika su ga duk wanda ya nema kuwa, ita ake kira saba, wasu kuma sukan ce mata uwar garke.

Manhajar yanar gizo mai mu'amala tana da siffofi uku. Ta farko, a cikin burauza take aiki, don haka ba sai an saye ta a faifai an ɗora wa kwamfuta ba. Ta biyu, tana haɗa kafofin isar da saƙo fiye da ɗaya. Ta uku, wadda ita ce mafi muhimmanci, tana sauya abin da ke gaban mutum gwargwadon abin da ya yi, ba tare da an sake ɗauko dukkan shafin daga saba ba. Shafin da aka zuba wa hotuna da bidiyo, amma mai karatu ba ya iya yin komai a cikinsa sai kallo, bai cika wannan siffa ta uku ba.

9.2 Taƙaitaccen Tarihi

9.2.1 Zamanin Sandararren Shafi

Tim Berners-Lee, wani masani ɗan ƙasar Ingila, shi ne ya gabatar da shawarar kafa yanar gizo a shekarar 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janiba. Jama'a sun fara ganin shafin farko a 1991, kuma rubutu ne zalla. A 1993 cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga kowa, kuma a shekarar ne aka fitar da burauzar Mosaic a Jami'ar Ilinoi ta Amurka, wadda ta yi suna wajen nuna hoto a tsakiyar rubutu.

Shafukan wannan zamani tamkar takarda suke a jikin allon sanarwa. Idan mutum ya danna wani wuri, sai burauza ta aika buƙata zuwa saba, shafin da ke gabansa ya ɓace, ya zauna jiran sabo ya iso ta layin tarho. Ko da kalma ɗaya ce za ta sauya, dole a sake ɗauko shafin gaba ɗaya.

9.2.2 Zamanin Flash

Tun da burauzar wancan lokaci ba ta iya kunna sauti ko motsa hoto yadda ya kamata, sai kamfanoni suka fito da dabarar liƙa mata ƙarin manhaja da za ta yi wannan aiki. Kamfanin Sun Microsystems ya kawo Java a 1995. A ƙarshen 1996 kuma kamfanin Macromedia ya sayi wata manhajar zane mai motsi mai suna FutureSplash, ya sauya mata suna zuwa Flash.

Abin da ya ɗaukaka Flash shi ne yadda take ajiye zane. Maimakon ta ajiye launin kowane ɗigo da ke cikin hoto, sai ta ajiye lissafin layuka da da'irorin da suka haɗu suka ba da zanen. Saboda haka fayil ɗinta ba shi da nauyi, yana saurin isowa ko da layin sadarwa ba shi da ƙarfi. Cikin 'yan shekaru sai wasanni da zane mai motsi da darussan makaranta suka cika yanar gizo. A watan Maris na 2002 Jeremy Allaire na kamfanin Macromedia ya fitar da wata takarda da ta yaɗa sunan da ake kiran irin waɗannan manhajoji da shi a Turance, wanda ma'anarsa ita ce wadatacciyar manhajar intanet. A 2005 kamfanin Adobe ya saye Macromedia, kuma YouTube da aka kafa a wannan shekara da Flash ya fara nuna bidiyo. Shi ma Microsoft ya fito da tasa kishiyar mai suna Silverlight a 2007.

9.2.3 Dabarar Ajax

Ana cikin wannan hali sai wata hanya ta daban ta bayyana, wadda ba ta buƙatar liƙa wa burauza komai. Tun a 1995 Brendan Eich na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro harshen JavaScript domin rubuta umarnin da burauza za ta bi da kanta. A 1999 kuma Microsoft ya sanya wa burauzarsa hanyar neman ɗan guntun bayani daga saba a bayan fage, ba tare da an taɓa sauran shafin ba. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 su ne suka nuna wa duniya amfanin haɗa waɗannan abubuwa biyu. Yayin da mutum yake jan taswira, burauza tana can tana ɗauko gutsattsarin da za su cike gurbin da ya buɗe. A watan Fabrairu na 2005 Jesse James Garrett ya laƙaba wa wannan dabara suna Ajax.

9.2.4 Bayyanar HTML5 Da Faɗuwar Flash

Wayar iPhone da ta fito a 2007 ba ta karɓi Flash ba. A watan Afrilu na 2010 shugaban kamfanin Apple na lokacin, Steve Jobs, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa inda ya kawo dalilansa: Flash mallakar kamfani ɗaya ce, tana da raunin tsaro, tana cinye batir, kuma an tsara ta ne domin linzamin kwamfuta, alhali da yatsa ake sarrafa waya. A daidai wannan lokaci masu ƙera burauza suna ta aikin sabunta harshen rubuta shafuka domin ya iya kunna sauti da bidiyo da zane da kansa. A watan Oktoba na 2014 ƙungiyar W3C mai daidaita ƙa'idojin yanar gizo ta amince da wannan sabon zubi mai suna HTML5, kuma a farkon 2015 YouTube ya koma kansa.

A watan Yuli na 2017 Adobe ya ba da sanarwar zai yi watsi da Flash. Ya daina kula da ita a ranar 31 ga Disamba, 2020, sannan daga 12 ga Janairu, 2021 ta daina kunna komai. Ita ma Silverlight an daina kula da ita a watan Oktoba na 2021.

Abin lura a nan shi ne yadda wannan sauyi ya shafi ilimi. Cibiyoyin da suke da kuɗi da ma'aikata sun yi shiri tun da wuri. Shirin PhET na Jami'ar Kolorado, wanda masanin kimiyya Carl Wieman ya kafa a 2002 domin kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya, ya ɗauki shekaru yana sake gina darussansa daga Java da Flash zuwa HTML5. Haka ma Scratch, manhajar koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta ta cibiyar MIT, ta bar Flash a zubinta na uku da ya fito a watan Janairu na 2019. Amma ƙananan shafuka da ɗaiɗaikun malamai suka gina, waɗanda ba su da mai sake gina su, da yawansu sun mutu a tsaye. An ceto wasu ta hanyar manhajar Ruffle mai kwaikwayon aikin Flash, wadda taskar Internet Archive ta fara amfani da ita a 2020. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A gefe guda kuwa, shafin da aka rubuta da tsurar HTML a 1991 har yau kowace burauza tana iya buɗe shi.

9.3 Sassan Da Ake Haɗawa

Manhajar yanar gizo tana da fuska biyu: abin da ke gudana a cikin burauzar mai amfani, da abin da ke gudana a saba. A ɓangaren burauza ana amfani da harsuna uku, kuma za a fi fahimtar aikinsu idan aka kwatanta su da ginin gida.

(a) HTML shi ne harsashi da bango. Da shi ake nuna cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, nan hoto zai zauna, can kuma maɓallin dannawa.

(b) CSS shi ne yaɓe da fenti. Shi ke tsara launi da girman haruffa da tazarar da ke tsakanin abubuwa. Håkon Wium Lie ne ya kawo shawararsa a 1994, aka amince da zubinsa na farko a 1996. Da shi ake sa shafi ɗaya ya daidaita kansa da faɗin allon kwamfuta da kuma ƙunƙuntar allon waya.

(c) JavaScript shi ne wutar lantarki da famfo, wato abin da ke sa gida ya amsa idan an taɓa makunni. Shi ke sauraren dannawa ko jan yatsa, ya kunna sauti, ya duba amsa, ya lissafa maki.

A ɓangaren saba kuma akwai rumbun bayanai, inda ake ajiye sunayen ɗalibai da makinsu, da kuma umarnin da ke tantance wanda ya cancanci ganin wane bayani. Ana rubuta wannan umarni da harsuna irin su PHP da Python, ko kuma JavaScript ɗin kansa tun bayan fitowar Node.js a 2009.

Ƙwararru ba sa fara kowane aiki daga tushe. Suna amfani da ginannun kayan aiki irin su React, wanda Facebook ya saki a 2013, da Vue na 2014. Malamin da bai iya rubuta umarni ba shi ma ba a bar shi a baya ba. Manhajar H5P, wadda aka fara a ƙasar Norwe, tana ba shi damar haɗa tambayoyi da katunan kalmomi da bidiyo mai tsayawa ya yi tambaya, ta hanyar cike gurabe kawai, kuma tana aiki a cikin Moodle da makarantu da dama suke amfani da shi.

9.4 Matakan Gina Manhaja: Misalin Darasin Karin Sauti

Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Kalmar wuya, wato gaɓar jiki, tana da karin sama-ƙasa, ita kuwa wuya mai nufin wahala tana da ƙasa-sama. Haka gari da ake zama a cikinsa yana da gajeren wasali a gaɓar farko, shi kuwa garin tuwo yana da dogo. Littafi yana iya bayyana wannan bambanci, amma ba ya iya furta shi, don haka mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu yakan sha wahala a nan. Wannan shi ne irin gurbin da manhaja mai sauti take cikewa. Ga matakan da za a bi:

Mataki na ɗaya shi ne tsayar da manufa. A rubuta ta yadda za a iya auna ta, misali: a ƙarshen darasi ɗalibi zai bambance kalmomi goma masu rubutu iri ɗaya ta hanyar saurare. Duk wani hoto ko motsi da ba ya taimaka wa wannan manufa, to a bar shi.

Mataki na biyu shi ne sanin masu amfani. Shekarunsu nawa? Da waya za su shiga ko da kwamfutar makaranta? Yaya ƙarfin sadarwa yake a inda suke? Amsoshin nan su za su nuna nauyin kayan da za a zuba.

Mataki na uku shi ne zana tsari a takarda kafin a taɓa kwamfuta. A zana kowane allo: maɓallin saurare a sama, hotuna biyu a ƙasa, da abin da zai biyo baya idan ɗalibi ya dace ko ya kuskure. Idan ya kuskure, bai wadatar a ce masa bai yi daidai ba. Kamata ya yi a sake kunna masa kalmomin biyu a jere domin kunnensa ya kama bambancin.

Mataki na huɗu shi ne tattara kaya. A ɗauki muryar wanda Hausa take harshensa na farko a wuri marar hayaniya, a yanka kowace kalma a fayil nata, a ba ta suna mai ma'ana. Yana da kyau a samu muryar namiji da ta mace, domin ɗalibi ya gane cewa karin sauti hawa da sauka ne tsakanin gaɓoɓi, ko muryar mai magana siririya ce ko kakkaura. A kuma yanke shawara tun farko a kan karin harshen da za a bi.

Mataki na biyar shi ne haɗawa, ko dai da HTML da CSS da JavaScript, ko kuma da kayan aiki irin H5P.

Mataki na shida shi ne gwaji. A ba ɗalibai uku ko huɗu su gwada, malami ya zuba ido bai ce komai ba. Duk inda suka tsaya suna lalube, to akwai gyara a wurin. A gwada a burauza fiye da ɗaya, a kuma gwada a ƙaramar waya.

Mataki na bakwai shi ne ɗorawa a saba da ci gaba da kulawa. A nan ne darasin Flash yake da amfani. A ajiye ainihin muryoyi da hotuna da rubutun tambayoyi daban, a fitattun nau'o'in fayil da kowace na'ura take buɗewa, kuma a wuri fiye da ɗaya. Idan kayan aikin da aka yi amfani da shi ya shuɗe, ba za a sake komawa ɗaukar murya ba.

9.5 Abubuwan Kiyayewa

Na farko shi ne baƙaƙe masu ƙugiya. A shekarun baya masu buga Hausa sun dogara da nau'o'in haruffa na musamman, inda ake aron gurbin wani harafi a sanya ƙ ko ɗ ko ɓ. Da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan nau'i, sai baƙaƙen su rikiɗe. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya take rubuta 'y. Saboda haka wajibi ne a ajiye shafi a zubin UTF-8, a zaɓi nau'in haruffan da ya ƙunshi waɗannan baƙaƙe, a kuma sanya wa shafin alamar harshen Hausa, wato ha. Manhajar koyar da Hausa da ta kasa bambance baƙi da baki, ko ƙarya da karya, ɓarnarta ta fi gyaranta.

Na biyu shi ne nauyi. Bidiyo ya fi sauti cin data nesa ba kusa ba, sauti kuma ya fi rubutu. Idan hoto da murya sun wadatar, babu dalilin ɗora wa ɗalibi kuɗin bidiyo. Bugu da ƙari, burauzar yau tana iya ajiye darasi a cikin waya bayan buɗewar farko, ta yadda zai ci gaba da aiki ko babu sadarwa.

Na uku shi ne masu buƙata ta musamman. A rubuta wa kowane hoto ɗan bayani domin manhajar da ke karanta wa makaho allo, a sanya rubutu a ƙarƙashin bidiyo domin kurma, kuma kada a dogara da launi kaɗai wajen nuna amsar da ta dace.

Na huɗu shi ne haƙƙi da amana. Ba a ɗaukar hoto ko waƙar wani a zuba ba tare da izini ba. Sunayen yara da makinsu kuwa amana ce a hannun malami, don haka kada a tattara bayanin da darasi ba ya buƙata.

9.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa manhajar yanar gizo mai mu'amala ita ce wadda take aiki a burauza, take haɗa kafofi daban-daban, kuma take amsa wa mai amfani da ita nan take. An bi tarihinta daga sandararren shafin 1991, zuwa zamanin Flash da Ajax, har zuwa HTML5. An kuma bayyana aikin HTML da CSS da JavaScript da saba, tare da matakai bakwai na gina darasi. Abin da ake so ɗalibi ya riƙe shi ne, manufar darasi ita ke gaba da kayan aiki, kuma gini a kan ƙa'idojin da kowa yake da damar amfani da su ya fi daɗewa.

9.7 Tambayoyin Bita

1. Bambance tsakanin intanet da yanar gizo, da kuma tsakanin burauza da saba.
2. Kawo siffofi uku na manhajar yanar gizo mai mu'amala, tare da misali.
3. Waɗanne dalilai ne suka ɗaukaka Flash, kuma waɗanne ne suka kawo ƙarshenta?
4. Yi bayanin dabarar Ajax ta amfani da misalin taswira.
5. Me ya sa zubin UTF-8 yake da muhimmanci ga mai rubuta Hausa?

9.8 Aikin Yi

Ku kasu rukuni-rukuni na mutum biyar. Kowane rukuni ya tattaro tagwayen kalmomi goma da suka bambanta ta karin sauti ko tsawon wasali, ya rubuta manufar darasi, sannan ya zana allo uku na manhajar a takarda, a gabatar a aji mako mai zuwa.